Takardar da Almustafa ya haɗiye

Almustafa mutumin Takanamat ne, amma aikinsa duka ya yi shi a wani ƙaramin buron gwamnati, wato ofis, arewa da Tawa, inda hanyar mota take ƙarewa. Falanto ne: shi ke shara, shi ke kai takarda, shi ke ɗaga tuta da safe. Bai yi lakwal ba, wato makarantar boko. Kumandan ɗin buron, Attahir, ya gaji da tawada tana ɓata masa riga, sai ya bar wa Almustafa buga hatimi. Shi ya sa kullum hatimin yana aljihunsa, yatsunsa kuwa shuɗi ko ranar salla. Ni lokacin ina ɗinki a rumfar da ke kallon ƙofar buron.

Shekarar da fari ya cinye shanu, zamanin soja, aka fara jin masu bindiga suna faɗa wa ƙananan wurare don neman makamai. Umarni ya zo cewa kowane kumandan ya rubuta wanda zai riƙe gari in shi ya faɗi. Attahir ya sa sakatarensa Yunusu, bayansa Ma'azu likita. Su ukun kaɗai suka san inda aka binne makullin ɗakin bindigogi. To, mu nan duk takardar da ta fito daga gwamnati a ƙofa ake liƙa ta, har ta allurar awaki. Ita ma takardar sunayen Almustafa ya liƙa ta da ƙaro. Ma'azu ya karanta masa yana dariya, wai ga shi shi likita ya kusa sarauta.

Ranar kasuwa da hantsi motoci biyu suka shigo, mutanen ciki fuska a rufe. Gardi biyu da ke shan shayi a ƙofa ba su ko miƙe ba aka harbe su. Attahir ya fito da ƙaramar bindiga, harsashi ya same shi a wuya, ya faɗi bisa matakala jini na tsartuwa. Yunusu ya fita ta taga, wani ya buɗe masa wuta a baya. Babbansu ya zabga wa wanda ya yi harbin mari, don da rai yake son Yunusu.

Cikin wannan hargitsi Almustafa na jingine da ƙofa. Ya sa hannu ta baya ya ɓamɓare takardar, ya cusa a baki, ya tauna ya haɗiye.

Suka tara mu maza a rana, a zaune. Ma'azu ya riga ya tuɓe farar rigarsa, yana kusa da ni. Babban ya ga kusurwoyin takarda huɗu sun rage a jikin ƙofa, kuma ashe ya san da umarnin. Ya tambayi wa ke bayan sakatare. Babu wanda ya tanka. Ya juya ya harbi Tanimu mahauci a ciki, ya ce haka zai bi mu ɗaya ɗaya. Na ji gwiwar Ma'azu ta motsa zai tashi. Almustafa ya riga shi.

"Ni na," ya ce.

Suka dubi tsohuwar rigarsa suka yi dariya. Sai ya fiddo hatimin, ya buɗe musu yatsunsa masu tawada. Dariyar ta tsaya.

Suka shimfiɗa hannunsa na dama bisa matakala, cikin jinin kumandan. Duk tambaya ɗaya kan inda makullin yake, gindin bindiga ya sauka kan yatsa ɗaya. Muna jin ƙashi na karyewa. Ya yi ihu, duk kasuwa ta ji, amma amsarsa ba ta wuce bai sani ba. Da yatsu suka ƙare suka zubar masa da haƙora, suka yanke masa rabin kunne. Suka koma harbin ƙofar ƙarfen ɗakin bindigogi, harsashi ya dawo ya fasa cinyar mutuminsu. Rana ta karkata, tsoron motar soja ya kama su. Suka ɗauki bindigogin matattu, suka harbi Almustafa a ƙafa, suka tafi.

Ma'azu ya fara da Tanimu, amma ya riga ya cika. Yana ɗinke kunnen Almustafa, ya tambaye shi wa ya sa shi.

"Likita, kai ka san wurin," in ji shi, bakinsa cike da jini. "Yatsa biyu za su karya ma ka faɗa musu. Ni ko yanka ni suka yi, ba ni da abin faɗi. Kuma in sun kashe ka, wa za ya ɗunke ni? Tela?"

Ya nuno ni da haɓa.

Washegari wani kaftin ya iso daga Tawa, ya ce ba zai amince Ma'azu ya riƙe gari ba sai ya ga takarda. Almustafa ya nuna cikinsa. Kaftin ya dube shi, ya sa aka rubuta sabuwa, ya kai masa har tabarma. Da hagu ya buga hatimin, ya fito a karkace.

Hannun daman bai sake buɗewa ba. Daga baya ya zauna a Tawa, a wani ɗaki cikin gidan Ma'azu, kuma likitan da kansa ke yanke masa farcen hagu kowace Juma'a har Almustafa ya rasu.