Injin wankin da Baba bai gama gyarawa ba

Ranar da tsohon injin wankin Baba ya tashi, kowa a gidanmu na Gusau ya yi murna, ban da Malam Isa.

Ƙarshen shekarun 1990 ne. Baba ya tsinto injin wajen masu tsofaffin ƙarafa a Tsafe. Duk Asabar sai ya shimfiɗa tabarma ya kwance shi, yana kankare tsatsa. Malam Isa, mai yi mana wanki tun muna ƙanana, shi ke miƙa masa kayan aiki.

Da injin ya fara juya ruwa, Malam Isa ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a hankali, "Alhaji, tunda abin ga ya tashi, in daina zowa?"

Baba ya zare wayar daga bango. "Wa ya ce maka ya tashi? Ba ka ji wata ƙara ba?"

Ni dai ban ji komai ba. Washegari ya sake warwatsa shi a tabarma, kuma har Baba ya rasu injin nan bai wanke ko hula ba.

Har yau ina tambayar kaina: daɗin gyaran ne bai ishe shi ba, ko Malam Isa ya duba? Ku me kuka gani?