Ranar da Aka Caje 'Yan Sanda a Gidanmu

Wata Laraba ce da hantsi, cikin daminar shekarar da Gana ta sami 'yancin kai. Muna tsakar gidanmu na unguwar Nima muna wasan tsalle da ake kira ampe, ƙafafu duk laka, ba ka jin komai sai tafi da ihun 'yan mata, sai ga 'yan sanda biyu a bakin ƙofa. A bayansu akwai wani Salifu, ya sha babbar riga, alhali ba Juma'a ba ce, kuma ba a suna a unguwa.

Gidan na kakata ne, Mma Hawa mai koko da ƙosai. Ɗakunan haya ne a jere ƙarƙashin kwano ɗaya, kowace ƙofa da yarenta, ga Dagomba, ga Kotokoli, amma a bakin murhu kowa Hausa yake yi. Ni ce mai bin layin famfo da wankin kwanukan koko. Ɗakin ƙarshe na Mumuni ne, wani Bazabarme mai dako a kasuwar Makola, wanda ba ya dawowa gida bai riƙo mana rake ba. Shi aka zo wa. Wai agogo ya ɓace a wani kanti, kuma Salifu, ɗan dakon da suka yi rigima kan wurin tsayawa, ya rantse agogon yana ɗakin Mumuni. In aka same shi, to kurkuku ne, daga nan a kora shi ƙasarsu, ga matarsa da tsohon ciki.

Mma Hawa ba ta taɓa shiga aji ba, amma marigayi kakanmu sajan ɗin 'yan sanda ne, kuma kunnenta bai zubar da komai ba. Ta ajiye ludayi, ta sa aka kira Malam Iddi tela ya karanta takardar alƙali da suka zo da ita. Ɗaki ɗaya takardar ta ambata, na Mumuni. Mata suka saki ajiyar zuciya. Sai Mma Hawa ta dubi babban ɗan sandan ta ce, "To, ɗana Kofur, ai ka san wanda zai caje ɗaki shi ake fara cajewa, kada hannu ya shiga da abin da zai fito da shi." Kofur ya yi dariya ya ce, "Gaskiyarki, Mma, haka aka koya mana," ya ɗaga hannuwa sama.

Wayyo, ranar mun sha kallo! Daga aljihun Kofur, Malam Iddi ya zaro usur, da ɓarin goro, sai kuma dokunu, wato dafaffen ƙullun masara, da soyayyen kifi a ƙunshin ganye. Wata Badagomba ta ce ashe hukuma ma yunwa take ji, har ƙaramin ɗan sandan ya riƙe ciki don dariya. Suka nufi ɗakin, Salifu ya bi su wai zai nuna wuri. Mma Hawa ta tare shi da ludayi, ta ce, "Kai ma ɗaga hannu, mai riga." Nan take ya dafe aljihu, ya ce fitsari ya matse shi. Bai kai ƙofa ba Kofur ya cafke shi, agogon ya faɗo cikin laka yana ƙyalli. Duk da haka sai da suka caje ɗakin, ba su ga komai ba sai tabarma, buta da kayan jaririn da ake jira. Kafin su tafi da Salifu, sai da Mma Hawa ta zaunar da su suka sha koko.

Da matar Mumuni ta sauka, Hawa aka sa wa yarinyar. Yanzu gidan ya zama bene, kowa ya kulle ƙofarsa, in jiniya ta tsaya a layi sai dai a leƙa ta taga, a ce ba ruwana. Ludayin yana nan a ɗakina. In na dube shi, sai in tuna lokacin da ƙofar ɗan haya ƙofar kowa ce.