Yatsun Baba Uku

Ƙarfe goma da kwata na safiyar wata Lahadi ƙahon da Baba ke busa wa mawaƙan coci ya suɓuce daga hannunsa. Na san lokacin ne don ba na iya kallon mutane in ana waƙa a coci, agogon bango nake kallo. Ana tsakiyar waƙar baiko, wadda ake yi in ana tara kuɗin coci, na ji ƙarar ƙarfe a kan siminti, na juyo na ga Baba ya jingina da bango, bakinsa ya karkace. A asibiti aka ce shanyewar ɓarin jiki ne. Hagunsa ya daina motsi, harshensa ya yi nauyi, magana ta ɗauke.

Ina aji uku a jami'a a Samaru a lokacin, ina karatun aikin laburare. Duk Juma'a da yamma nake shiga bas in dawo gidanmu a unguwar Muchia in karɓi Mama jinya. A nan na lura da yatsunsa. Hannun dama na kan cinyarsa, yatsu ukun nan da yake danna maɓallan ƙaho da su suna motsi: na farko, sai na tsakiya, sai biyun tare, ya ɗan tsaya, ya bi da sauri-sauri, sa'an nan ya danne na ƙarshe ya riƙe. Kullum haka, ba ya sauyawa. Ya fi yi in ana ba shi kunu, ko ana juya shi a gado, ko masu dubiya sun cika ɗakin. In muka miƙa masa takarda da biro sai ya kawar da kai.

Na taɓa karantawa cewa mai irin wannan ciwo wani lokaci waƙa kan buɗe masa baki. Na riƙe wannan da hannu biyu. Na haddace motsin yatsun har da inda yake tsayawa, ina yi a kan tebur a aji, ina yi a kan gwiwata a bas. Na nuna wa shugabar mawaƙan cocinmu, ta ce ba ya cikin littafin waƙoƙi. Na tambayi Mama.

"Ni ina na sani? Wataƙila na zamanin otal ne," ta ce, ta ci gaba da matse tsumma.

Zamanin otal shi ne shekarun da Baba ya yi yana jagorantar 'yan kiɗa a Sabon Gari kafin a haife ni. A gidanmu ba a zancensa.

Wata rana na ga sanarwa manne a jikin bishiya kusa da ɗakin cin abinci: za a yi bikin kiɗan jaz da buluz ranar Asabar a wani tsohon kulob a Sabon Gari, ɗalibai da tsofaffin makaɗa na gari. Na faɗa wa abokiyar ɗakina zan je. Ta ajiye madubi ta dube ni.

"Ke? Jaz? Ke da in an kunna rediyo kike toshe kunne da littafi? Faɗi gaskiya, wane mai gemu ne ya gayyace ki?"

"Ba kowa."

"To Allah ya sa ba kowan ya saya miki tsire."

Ranar Asabar na saka ƙahon Baba a jakar buhu na lulluɓe da zani. Na sauka a mahaɗar PZ, na ratsa ta tsakanin masu kayan lantarki da masu gwanjo har na fara jin ganga. Fili ne a bayan kulob ɗin, an kafa rumfuna da kujerun roba, hayaƙin masu tsire na shiga ido. Tsofaffin ma'aikatan reluwe sun zauna a gaba da hulunansu, ɗalibai sun taru a baya suna ihu. Na samu kujera a gefe kusa da janareto, inda ba wanda zai yi mini magana.

Ban fahimci kiɗan ba da farko. Sai su fara tare, sa'an nan kowa ya kama gabansa, ɗaya ya busa ya gaji ya bar wa wani, can kuma su haɗu kamar ba su rabu ba. Wata mata mai kaurin murya ta yi waƙa da Turanci a hankali, idonta a rufe, tsofaffin suna gyaɗa kai. Ni yatsun masu ƙaho kawai nake kallo, ko zan ga na Baba. Har la'asar ban gani ba.

Da aka yi hutu na tashi na je bayan dandamali. Wani ɗalibi mai ƙaho na shan ruwan leda. Na gaishe shi, na yi masa bayani a gurguje, na buga yatsun a kan akwatin lasifika. Ya kalla, ya ce in sake. Ya ɗauki ƙahonsa ya gwada, abin ya fito ba kai ba gindi. Ya sake da wata murya, ya fito daban.

"Sista, kin gani? Yatsu kaɗai ba sa faɗin waƙa. Leɓe ne ke zaɓen sauti. Da wannan dannawar zan iya fito miki da waƙoƙi barkatai. Yana yin sautin da baki?"

"Ba ya iyawa."

"To gaskiya sai haƙuri."

Na tsaya riƙe da jakata, na rasa inda zan sa kaina. A gefe wani tsoho mai ganga na zaune a kan benci yana cin gyaɗa, sandunansa a kan cinya. Tun ɗazu yana kallon bakin ƙahon da ya leƙo daga zani.

"Yarinya, kawo in gani."

Na miƙa masa. Ya juya shi, ya sa babban yatsa a wata lotsawa da ke gefen bakin, wadda tun ina ƙarama nake ganinta.

"Ni na yi wannan. Na zauna a kai a bayan a-kori-kura, muna dawowa daga Funtuwa. Wata guda Oga bai yi mini magana ba." Ya ɗago. "Ke 'yar Oga ce? Kai! Ga goshin nan. Yana ina? An ce ya shige coci ya rufe ƙofa."

Na faɗa masa. Ya daina tauna gyaɗar. Ya kira wani tsoho mai jita da ke gyara wayar jitarsa: "Zo ka ga 'yar Oga, kai kurma." Wancan ya taso yana cewa, "Kurman da ya yi shekaru yana rufa maka asiri in ka ɓata kiɗa?" Suka matsa mini wuri a bencin, aka saya mini lemo. Suka ba ni labarin wani Baba da ban sani ba, mai farin kwat, wanda in ya busa a Sabon Gari har fasinjojin jirgin ƙasa ke leƙowa ta taga. Ina ta murmushi, ina jira su yi shiru.

"Baba," na ce wa mai gangar, "akwai waƙar da mahaifina yake nema. In kun gane ta, ina roƙonku ku zo gida ku buga masa. Ko sau ɗaya. Ina ganin in ya ji zai yi magana."

"Wace ce?"

Na ɗora hannu a kan benci na buga, daidai yadda yake yi, da tsayawar, da saurin, da riƙewar ƙarshe. Ban gama ɗaga yatsa ba na ga hannun tsohon ya haɗa sandunansa biyu wuri ɗaya ya soke su a aljihu. Mai jitar kuma ya riga ya kai hannu zai cire wayar jitarsa. Suka tsaya, suka dubi juna. Mai jitar ya ce ana kiransa, ya tafi, alhali ba wanda ya kira shi.

"Kun san ta," na ce.

"Sha lemonki."

"Baba, kun san ta."

"Yaushe yake yin wannan?"

Na lissafa masa: lokacin kunu, lokacin wanka, in mutane sun taru a kansa. Ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga cinyarsa. A dandamali an fara gwada lasifika, ana kiran tsofaffi su hau. Ya miƙe, ya nannaɗe ƙahon da zanin a hankali kamar mai goya jariri, ya saka mini a jaka. Na riƙe hannun rigarsa, abin da ban taɓa yi wa baƙo ba.

"Don Allah ka faɗa mini sunanta. Ko ba za ku zo ba, zan nemo kaset."

"Ba ta da kaset, 'yata. Ba waƙa ba ce." Ya zare hannuna daga rigarsa, amma bai sake shi ba. "Mu ba ma karanta takarda, kuma a cikin hayaniya ba mai jin magana. In Oga ya gaji, ko ya ga wasa ya yi tsawo, wannan yake busa mana. Da mun ji, kowa ya san ya isa haka. A tsaya, a kwashe kaya, a tafi gida."