Tarihin Hajiya Bashira Ɗan'azumi, Daga Gusau Zuwa Kuala Lumpur

Haihuwa da Asali

An haifi Hajiya Bashira a garin Gusau a shekarar 1963. Mahaifinta, Malam Ɗan'azumi, tela ne da ya yi suna wajen ɗinkin manyan riguna, mahaifiyarta kuwa, Ɗelu, tana koya wa matan unguwa karatun Alƙur'ani a cikin gida. Ita ce ta uku a ɗakinsu. A shekarar 1979, lokacin da matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a a zaɓen ƙasa, ita ta raka mahaifiyarta rumfar zaɓe, ta tsaya a gefe riƙe da lema saboda shekarunta ba su kai ba.

Karatu da Aure

Ta yi firamare a Gusau, sannan ta shiga makarantar horon malamai ta mata, ta kammala a shekarar 1981. Ta koyar shekara ɗaya kafin a ɗaura mata aure da Malam Sharif Ashafa, malamin aikin gona, wanda ya samu gurbin ƙaro ilimi a ƙasar Beljiyam. A farkon shekarar 1983 suka tashi, suka sauka a wani ƙaramin gari na tsofaffin masana'antu a yankin masu magana da Faransanci, inda bayan ya sami digirin dakta aka riƙe shi a matsayin mai bincike. A can ta koyi Faransanci a ajin yamma, a can kuma ta haifi dukkan 'ya'yanta.

Shiga Gwagwarmaya

A shekarar 1994 majalisar garin ta yanke shawarar rufe makarantar firamaren unguwarsu, wadda akasarin ɗalibanta 'ya'yan baƙi ne, kuma an yanke hukuncin ne a zaman kwamiti na sirri ba tare da tuntuɓar iyaye ba. Da Hajiya Bashira ta je neman bayani, sai wani jami'i ya shaida mata cikin ladabi cewa majalisa tana ba da amsa ne ga masu zaɓenta. An ruwaito cewa ta amsa masa da cewa, "Shekara goma sha ɗaya ina share ƙofar gidana a garin nan, 'ya'yana a asibitinku aka haife su. In ba ni da bakin tambaya, ka nuna mini mai shi in bi shi."

An rufe makarantar duk da haka. Sai dai a wajen wannan fafutuka ta haɗu da Madam Lusiyen, malamar makarantar da ta rasa aikinta, suka kafa ƙungiyar farar hula wadda sunanta yake nufin Muryar Unguwa. Buƙatunsu biyu ne: a riƙa gudanar da zaman majalisa a bainar jama'a tare da bayyana dalilin kowane hukunci, kuma a ba baƙin da suka daɗe a ƙasar haƙƙin zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi. Sun bi gida gida cikin sanyi da yayyafi, sun zauna da 'yan Maroko da Turkawa da 'yan Kongo a zaurukan coci da masallatai, an rufe musu ƙofa a wurare da dama, an kuma taɓa fasa tagar ofishinsu. A shekarar 1999 majalisar garin ta amince mazauna su riƙa gabatar da tambayoyi a farkon kowane zama. Daga nan ƙungiyar ta shiga gamayyar ƙungiyoyi na ƙasa baki ɗaya, har aka zartar da dokar ba baƙi ƙuri'ar ƙananan hukumomi a shekarar 2004, aka sanya zaɓen farko a watan Oktoba na 2006.

Ƙaura Zuwa Malesiya

A farkon shekarar 2006 Dakta Sharif ya karɓi aikin koyarwa a wata jami'a mai zaman kanta a Bukit Jalil, Kuala Lumpur. Suka yi shawara ya yi gaba, ita kuma ta biyo shi da ƙananan yara bayan zaɓe, domin ta riga ta yi rajista, kuma ita ta raka mutanen unguwa da yawa suka yi tasu. A watan Satumba aka bugo mata waya cewa ya yanke jiki ya faɗi a aji, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Abokan gwagwarmaya sun roƙe ta ta ɗan jinkirta, tunda likitoci sun ce ya tsallake haɗari, amma ta ce mutumin da ya rabo ta da Gusau ba zai farka ya ga baƙin fuskoki kaɗai ba, ta tashi zuwa Kuala Lumpur.

Ranar zaɓe tana zaune a barandar asibiti bayan La'asar, Madam Lusiyen ta kira ta daga rumfar zaɓen unguwarsu, ta ɗaga wayar sama domin ta ji hayaniyar layi, sannan ta riƙa miƙa wa mata ɗaya bayan ɗaya suna gaishe ta da sunanta. Jinyar ta ɗauki shekaru, izinin zamanta na Beljiyam ya ƙare, ba ta sake komawa ba. Da yake ta bar Najeriya kafin zaɓen 1983, har ta bar duniya ba ta taɓa jefa ƙuri'a a wata ƙasa ba.

Zaman Kuala Lumpur

Dakta Sharif ya samu sauƙi har ya koma aji da sanda, iyalin kuma suka zauna a wani gidan bene a Bukit Jalil. Ɗaliban Najeriya suka laƙaba mata suna Mama Beljiyam, kuma kowace Juma'a falonta yakan cika da masu kewar tuwo da miyar kuka. Takan hau jirgin ƙasa zuwa kasuwar unguwar Masjid India sayen yadi da mayafai, ta dawo tana ba yara labarin Beljiyam: kasuwar Lahadi ta bakin kogi, da ƙamshin burodi da asuba, da yadda ita da Lusiyen suke dumama hannu da kofin shayi ɗaya a tashar bas. Ba ta yanke hulɗa da ƙungiyarta ba. Takan shiga tarukansu ta bidiyo, har sababbin matasa da ba su taɓa ganin ta ido da ido ba suna neman shawararta.

A shekarar 2013 rikici ya ɓarke a wata ƙungiyar ɗaliban Arewa, saboda shugabanni sun wuce wa'adi ba su kira zaɓe ba, har aka kai ga dambe, lamarin da ya kusa jawo wa wasu kora daga makaranta. Ɓangarorin biyu suka yarda ta shiga tsakani. Ta tara su a wani shagon abinci na mamak, wato na Musulmin Indiyawa, a unguwar Brickfields, ta sa aka ajiye kwalin jefa ƙuri'a a tsakiyar tebur, ta ce tana sirkawa da kalmomin 'yan Malesiya, "Ku ci abinci tukuna, makan, wato cin abinci, ya fi gardama. Sannan a ƙirga a gaban kowa, lah, don wanda ya faɗi ma ya samu ya yi barci." Shugaban da ake ƙorafi a kansa, Ɗayyabu, ya ce, "Boleh, Mama," wato ya amince, kuma shi ne ya sha kaye, ya tashi ya rungumi wanda ya kayar da shi. Tun daga wannan shekara ƙungiyar ba ta sake tsallake zaɓe ba.

Ƙarshen Rayuwa

Dakta Sharif ya rasu a shekarar 2017, aka binne shi a Kuala Lumpur. 'Yan'uwa sun nemi ta koma Gusau, ta ce ta gaji da barin wurare. Daga shekarar 2021 ciwon ƙoda ya rage mata fita, amma ba ta yarda a daina girkin Juma'a ba, sai dai ta zauna a kujera tana ba da umarni.

Rasuwa

Allah Ya yi mata rasuwa ranar Lahadi, 12 ga Nuwamba, 2023, tana da shekara sittin. An yi mata salla washegari bayan Azahar a masallacin unguwarsu, tsofaffin ɗalibai suka ɗauki makararta, aka binne ta a maƙabartar da aka binne mijinta.

Ta rasu ta bar 'ya'ya huɗu: Abdulmajid, injiniya a Beljiyam, Zainabu, likita a Gusau, Imran, malamin sakandare a Kaduna, da Khaulah, wadda ta yi jinyarta a Bukit Jalil, sai jikoki bakwai. Zaman makokinta shi ne karo na farko da su huɗun suka zauna a ɗaki ɗaya tun bayan rasuwar mahaifinsu, kuma jikokin, waɗanda ba su tashi da harshe ɗaya ba, da Hausa suka karɓi gaisuwa.

Allah Ya yalwata mata makwanci, Ya haɗa ta da mijinta a gidan rahama.