Wankan Jegon da Na Yi wa Turmi

Ko da zan manta ranar da na fara taka ƙasar Amurka, ba na jin zan manta safiyar da na tsaya a bayan gidan surukaina a Bungudu, na naɗe ƙafar wando, riƙe da damin ganyen darbejiya, ina yi wa turmi wankan jego. Shekaru sun ja, amma har yau in abin ya faɗo mini sai in kama dariya ni kaɗai, yara su riƙa tambaya ko lafiya.

Ni mutumin Tsafe ne, a lokacin ina koyarwa a wata sakandare a Gusau. Matata 'yar Bungudu ce, ma'aikaciyar jinya. Ita ce ta samu aiki a wani asibiti a Amurka, aka ba ta bizar zama na dindindin, ni kuma aka ba ni tawa a matsayin mijinta. Wato dai a takarda ni ɗan rakiya ne. Abokai sun sha tsokanata da wannan, ni kuwa ko a jikina. Sai dai bizar nan tana da wa'adi. Kusan wata shida ne daga ranar da likita ya duba ku, kuma in ranar da aka buga a fasfo ta wuce ba ku shiga ƙasar ba, ta mutu. Sannan ɗan rakiya ba ya riga mai tafiya shiga. Ko ta riga ni, ko mu shiga tare.

Lokacin da fasfo ɗinmu suka dawo hannu cikinta ya riga ya tsufa, likita ya ce kada ta hau jirgi sai ta sauka. Haihuwar fari ce, don haka na kai ta gidansu. Ni kuma da zumuɗina na ajiye aiki, na mayar wa mai haya makullinsa, na raba kayan ɗaki tsakanin ƙannena. Allah ya sauke ta lafiya, muka samu 'ya mace. Da ma mun tambaya a ofishin jakadanci, an ce jaririn da aka haifa bayan an ba uwa biza ba ya buƙatar tasa, fasfo da takardar haihuwa sun wadatar in dai tare za su shiga. Ana watsewa daga suna na shiga zirga-zirgar fasfon jaririya a Gusau, na kuwa samu. Na dawo Bungudu ina ta washe baki, ban san babban shingen yana tsakar gida ba.

Wa'adin bizar zai cika ne da kusan sati biyu kafin arba'in. Mun faɗa wa Inna, mahaifiyar matata, tun da wuri, ta ce to. Ashe ita a ganinta ranar biza kamar ranar biki ce, in ba a gama shiri ba sai a ɗaga.

Ni da Inna ba ma magana ido da ido. Tun da na auri 'yarta gaisuwa ce kawai daga bayan labule, kaina a ƙasa. Surukina da na kai wa maganar, cewa ya yi wannan sha'anin mata ne, ya hau babur ya nufi gonarsa a Kekun Waje. Sai ya zamana Kaka, kakar matata, ita ce mai kai saƙo tsakaninmu. Tsohuwa ce 'yar ƙarama mai barkwanci, kuma tun ranar da na fara zuwa zance take kirana angonta.

Na tsuguna a zaure, ta fito tana dogara sanda. Ta ce, "Angona, uwar ɗiya ta ce in hwaɗa maka, mai jego ko kwalta ba ta ƙetarewa sai ta yi arba'in, balle teku."

Na yi mata bayani irin na aji, dalla-dalla, har da ɗaga yatsa. Ta shiga, ta jima, ta dawo. "Ta ce to ku tahi a buga muku hatimin nan, ku juyo. A ƙare wanka, ɗiya ta zauna nan har yaye."

Na ce, "Kaka, ba ya yiwuwa. Katin zaman da za su ba mu na wanda yake zaune can ne. In mutum ya wuce wata shida a waje, sai an tsare shi da tambayoyi ranar komawa. In ya kai shekara, ana ɗauka ya bar musu kayansu, sai in ya nemi izini kafin ya fito. Ga aiki kuma yana jiranta."

Kaka ta riƙe haɓa. "Ashe ƙasa ma tana kulle! Wanga kati naku ya hi mijina na hwari tsanani."

Na yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Da aka ba ni izini na leƙa ɗakin mai jego, na tarar idonta ya yi ja. Ta ce, "Ba zan hau jirgi Inna tana kuka da ni ba. In bizar za ta mutu, ta mutu." Na san matata, in ta faɗi magana a hankali haka, to ta gama. A nan tsoro ya kama ni sosai. Ba aiki, ba gida, ko kujerar zama ban bar wa kaina ba. Ita kuma shekarun da ta yi tana karatu da jarrabawa za su tafi a banza. Raina ya ɓaci. A zuciyata na yi ta cewa wannan taurin kai ne kawai na tsofaffi, ruwan zafi da ganye za su ja mana asara.

Washegari da hantsi na koma zaure da sabuwar hujja, cewa a can asibitoci sun fi namu kayan aiki. Kaka ba ta kai ga ɗaukar saƙon ba sai muka ji muryar Inna daga tsakar gida. Ba da ni take ba, da bango take magana, amma ta ɗaga murya yadda zan ji.

"A tambaye shi, can ɗin wa ka yi mata wanka? Wa ka dama mata kunu? Wa ka riƙe ɗiya ta samu ta runtsa? Ba uwa, ba gwaggo, ba maƙwabciya. Asibiti ka biyo ta ɗaki?"

A ƙarshen maganar muryarta ta karye. Sai a lokacin na gane ba kwana arba'in take karewa ba. Tsoro take ji a kai 'yarta inda ba kowa, da ɗanyen jiki. Ni kuwa da ma bakina yana riga hankalina, sai na ji na ce da ƙarfi, "Ni zan yi."

Can sai dariya ta ɓarke daga kowane ɗaki. Kaka ta toshe baki da gefen zane, hawaye na zuba. Da aka lafa, Inna ta sake gaya wa bango, "To, a gwada shi."

Gari na wayewa Kaka ta ja ni bayan gida. Ga ganga a kan murhu, ruwa yana tafasa da itacen da ni na saya. Ta sa aka mirgino tsohon turmi, ta ɗaura masa zane har da ɗankwali, ta ce, "Ga mai jegonka nan." Na zo da shadda mai guga, ta ce in tuɓe ta in bar 'yar ciki, nan ba ofis ba ne. Ta miƙo mini damin ganye, ta nuna yadda ake tsomawa, a karkaɗe, a fyaɗa daga kafaɗa zuwa baya. Na ce ai wannan ba wani abu ba ne. Na tsoma, na ɗaga da ƙarfin maza, na fyaɗa. Ruwan bai sami turmi ba, ƙaurina ya samu. Ban san na iya rawa ba sai ran nan. Na yi ta tsalle da ƙafa ɗaya ina salati, matan gida da suka jeru a bayan zana suna faɗuwa kan juna.

Kaka ta ce, "Mi kake yi haka? Ɗiyar mutane za ka gasa, ba sussukar gero anka sa ka ba. Sannu-sannu, da tausai. Ka taɓa ruwa da guiwar hannu tukuna."

Haka muka yi ta yi safe da la'asar. Na koyi surka ruwa, na koyi inda ake dannawa a baya da inda ba a taɓawa. Matata, da yake aikinta ne, ta raɗa mini cewa in mun je kada ruwan ya kai zafin na Kaka, kanwa kuma ɗan kaɗan ta isa. Labari ya bazu a unguwa. Mai shayin bakin titi ya fara kirana ungozoma, ni kuma na daina jin kunya, har ina amsawa. Inna ba ta taɓa fitowa ba, amma kullum ina lura labulen tagarta yana motsi.

Wanka ya fi kunu sauƙi. Kunun kanwa na farko da na dama, gudaji ne zalla. Kaka ta zuba a kwano ta aika ɗakin Inna, ya dawo yadda ya tafi. Na biyu ya tsinke kamar ruwan wanke gero, shi ma ya dawo. Na uku kanwa ta yi yawa, Kaka ta ɗanɗana ta ce ko akuya sai an roƙe ta. Kwanaki kuwa suna ta tafiya, ranar da muka sa za mu kama hanyar Abuja tana matsowa, kuma matata ko jaka ba ta haɗa ba. Duk safiya sai na buɗe fasfo na dubi ranar nan kamar za ta canja.

Ana jibi tafiya na dama wani. Na tsaya a kansa, ina zuba ruwa a hankali, ina juyawa har hannuna ya gaji. Kaka ta leƙa, ta ɗauka da kanta ta shiga da shi. Na zauna a kan turmin nan ina jira. Can sai ga ta ta fito, ta kifa kwanon a gabana. Babu ko ɗigo. Surukar da ko ruwa ba ta sha a gabana ta shanye kunun hannuna. Kaka ta ce, "Ta ce a hiddo akwatuna."

Mun shiga Amurka wa'adi yana gab da cika. Jami'in ya duba takardunmu, ya dubi jaririya, ya buga mana hatimi. Ganyen da Kaka ta ƙulle mana a Bungudu muka baro shi, don ba a shiga da ganye, abin da ya sa ta ce ba ta taɓa jin ƙasa mai ƙyamar magani ba. Da ƙaramin tawul na ƙarasa wankan, a wani banɗaki da ko juyawa da ƙyar ake yi. Da na nuna wa Kaka ta waya cewa ruwan zafi daga famfo yake fitowa, cewa ta yi ruwan da bai ga wuta ba ba ruwan jego ba ne. Dole na riƙa ɗora tukunya ina nuna mata tururi.

Ranar da arba'in ta cika, matata tana cikin waya da mutanen gida sai ta miƙo mini, ta ce Inna ce ke son magana da ni. Na karɓa, na tsuguna a tsakiyar falo kamar tana ganina. Ba bango, ba Kaka, ni take kira. Ta ce, "Malam, na ji komi. Ni na ɗauka miji na ba ta, ashe har da uwa. Allah shi yi maka albarka." Amin ɗin ma sai matata ce ta faɗa a madadina.

Yanzu in mun zo hutu, Inna ce mai korarmu. Tun kafin a je ko'ina za ta fara cewa mu haɗa kaya, kada katinmu ya yi fushi. Abin da na koya kuwa shi ne, in babba ya kafe a kan al'ada, kada ka tsaya jayayya da al'adar. Nemi abin da yake jin tsoro, ka ɗauke masa shi, ko da za a yi maka dariya. Wa'adin biza ban isa in ɗaga shi ba, amma tsoron uwa da kwano ɗaya na kunu ya kwanta. Turmin nan yana bayan gida har yau, kuma duk zuwan da zan yi, kafin in zauna Kaka za ta nuna shi da sanda ta ce, "Angona, ba ka gaida mai jegonka ba."