Furen Azbin da Na Kashe da Ruwa

Da za a ba ni dama in warware abu ɗaya da na aikata, da abin da na yi wa furen matata zan zaɓa. Shekaru sun ja, amma ba zan manta ba.

Matata 'yar Azbin ce, aure ya zaunar da ita a Tudun Wada. Da mahaifiyarta ta rasu ta je gida, ta dawo da 'yan iri ƙulle a bakin gyale. Ta ce na wani fure ne mai fitowa da kansa a gindin duwatsun garinsu, cikin yashi da ƙaya. Ta shuka a tukunya cike da yashi da tsakuwa, ta ajiye a rana. Ruwa kuwa sai mako-mako, ludayi ɗaya.

Ni mai lambu ne, da ban ruwa na tashi. Na ce, "Hajiya, wannan ai horo ne, ba shuka ba."

Ta ce, "Malam, ka ji da tumatirinka."

Da 'yarmu ta haihu a Hanwa, matata ta tafi yi mata wankan jego. Sai na ce bari in nuna gwaninta. Na mayar da shukar cikin baƙar ƙasa, na zuba takin kaji, ina shayar da ita safe da yamma. Kafin kwana goma saiwar ta ruɓe.

Da ta dawo ta daɗe tsugune a gaban tukunyar. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Ka taɓa tambayata yadda ƙasarmu take?" Gashina ya yi furfura a gefenta, amma ban taɓa ba.

Bayan kwana biyu ta kwance bakin gyalen. Saura ƙwaya uku. Ta zuba mini a tafin hannu, ta ce, "Kai za ka shuka, amma yadda na ce."

Na ɗebo yashi a rafin Kubanni, na shuka su a tukunyar. Da damina ta kankama, da zarar hadari ya haɗo sai in ruga da tukunyar cikin zaure, maƙwabta suna dariya wai mai lambu yana yi wa shuka gudun ruwa. Biyu suka tsiro. Wata safiya sai ɗaya daga cikinsu ta buɗe, ɗan fure ruwan ɗorawa. Matata ta zauna a gabansa tana ba ni labarin ƙuruciyarta har shayinmu ya huce.

A nan na gane ba kowane rai ke so a yi masa irin gatan da ka sani ba. Don Allah, kafin ku gyara wa mutum abinsa, ku fara tambayarsa. Kada ku yi irin tawa.