Tarwaɗar Auta

Tela, ɗan gwaggonmu, matsoraci ne na bugawa a jarida. Shekara talatin yana riƙe da almakashi, amma ko zare ne ya tsinke sai ya yi salati. Shago ɗaya suke da ƙaninsa Auta. Keken ɗinkin Tela yana bakin ƙofa, na Auta can ƙurya a kan wani dogon katako. A kan katakon nan Auta ya ɗora akwatin gilashi da tarwaɗa guda a ciki, baƙa wuluk, mai gashin bakin da ya fi na Tela tsari nesa ba kusa ba.

Wata Talata da hantsi Auta yana cikin ɗinki ya kifa kai a kan keke, bai sake ɗagowa ba. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, tarwaɗa ya bari. Tela ya lulluɓe keken da zane, ko kallon ƙuryar ba ya yi.

Ba a kwana bakwai ba tarwaɗa ta birkice. Tana kwance lafiya sai ta zabura kamar an tsikare ta, ta gwara kai da gilashi, ta juya ta gwara da ɗaya gefen. Baki ya saluɓe, gashin baki ɗaya ya guntule. Kuma kullum daga wajen kujerar Auta take gudowa.

Mai sayar da kifin ado ya ce a ba ta maɓoya, a rage haske, a daina hayaniya. Tela ya jefa mata guntun bututu, ya hana tari a shago, ya bar taka nasa keken ya koma ɗinkin hannu. Mai kawo ɗinki ma da raɗa ake auna masa ƙugu. Shago ya yi tsit har kana jin allura tana huda yadi. Abin sai gaba ya yi, maɓalli ya faɗi ƙasa sai ta daki gilashi, ta bar zare-zaren jini a ruwa.

Ana haka babbar yayarsu ta leƙo.

"Kai, wannan shago ne ko maƙabarta?"

"Yaya, a hankali. Tana ganinsa."

"Tana ganin wa?"

Ya nuna kujerar da haɓa. "Ran da ya rasu, da safe sai da na zage shi a kan almakashina. Yanzu in ita ma ta mutu a hannuna, da wane ido zan dube shi?"

Yaya ta dafa katakon. "Shekararta nawa a nan?"

"Shida."

"Shekara shida keke yana kaɗa mata ruwa daga safe har yamma, rana ɗaya ka ɗauke mata. Ko ni ce sai na haukace. Shirun take tsoro, sakarai. Zauna ka taka."

"A nan?"

"A'a, a kaina."

Tela ya ɗaga zanen da yatsa biyu. Hannun wata riga yana nan ƙarƙashin allura, ɗinkin ya tsaya a rabi. Ya zauna, ya taka. Katako ya ɗauki rawa, ruwa ya soma ƙyal-ƙyal. Tarwaɗa ta yi zagaye ɗaya, ta yi na biyu, ta sauka kan tsakuwa ta kwanta, tana numfashi a hankali.

Ya kai ƙarshen hannun rigar, ya ɗauke ƙafa. Matakin keken ya ci gaba da lilo shi kaɗai: ɗaya, biyu, uku, huɗu.

"Kowane keke yana yin haka," in ji Yaya. Daga bakin titi ta faɗi haka, da takalmi ƙafa ɗaya.

Tela bai gudu ba, bai kuma waiwaya ba. Ya dubi tarwaɗa tana kwance abinta, ya laluba ya jawo ɗaya hannun rigar.

"Matsa mini, Auta," ya ce. "Ni zan ƙarasa."